Masu Sayar da Doki a Kasuwar Mai'aduwa

Duk wanda ke son sanin ɗabi'un mazajen ƙasar Daura, ba tare da ya sha wahalar zama da su shekara da shekaru ba, to, ya tafi Mai'aduwa ran Lahadi, ya wuce wajen shanu da na raƙuma, ya sami inuwa kusa da turakun dawaki ya zauna. Domin a nan ne, inda fataken Damagaram da Matamaye ke gangarowa ta Kwangwalam su gamu da na Kano da Kazaure, mutum ke zuwa rabuwa da abin da ya fi ƙauna bayan iyalinsa, wani ma, in za a faɗi gaskiya, kafin iyalin. Mutanen bakin Kwara, can wajen Yawuri, a kan jirgin ruwa mai inji suke shiga irin wannan hali. Mu da Allah bai ba mu kogin da zai ɗauki jirgi ba, tamu jarrabawar a kan doki ta sauka.

Dalilin sayarwa kuwa galibi ɗaya ne, ko da yake da wuya ka ji an ambace shi. Doki wata goma sha biyu yake ci, harawa da dawa da dusa da kanwa, ga ladan yaron da ke yankan ciyawa, alhali kwanakin da yake fitar da maigidansa kunya ƙidayayyu ne: hawan ƙaramar Salla, da na babba, da na Gani cikin Rabi'ul Awwal, sai fa in an gayyace shi rakiyar ango. Idan bazara ta yi tsanani, damin harawa ya yi tsada, uwargida kuma ta fara ƙidaya mudun dawar da ke fita daga rumbu zuwa barga, a nan ne ake tuna hanyar kasuwa.

Wanda za ka fara jin muryarsa tun daga nesa shi ne mai kirari. Shi wannan, tun kafin a taya, ya riga ya shiga jero nasaba: uwar dokin daga Azbin, ubansa ɗan Bahar, kakansa kuwa ya yi hawa a gaban Sarkin Daura Abdurrahman. In wani mai lissafi ya tuna masa cewa Sarki Abdurrahman ya rasu tun 1966, doki kuwa da ƙyar yake haura shekara talatin, sai ya ce ai kakan kakan yake nufi. Da za a ƙyale shi ya yi ta hawa da silsilar, lalle ba zai tsaya ba sai ya dangana da dokin da Bayajida ya nema wa ruwa a rijiyar Kusugu. Ya kan ƙara da cewa masu wasan folo na Katsina sun aiko har sau biyu ya hana. Ai dama dokin mai baki ya fi gudu. Abin da ke kashe masa baki tambaya ɗaya ce, wadda kowane baƙauye mai wayo ya iya: "To, Alhaji, doki haka, me ya sa za ka sayar?"

Kusa da shi akwai mai sharaɗi, wanda ke binciken mai saye kamar wanda zai aurar da 'yarsa ta fari. Sai ya ji garin mutum, da sana'arsa, da ko bargarsa tana da rufi, da ko yana da yara masu jifa. In ya ji ƙishin-ƙishin cewa amalanke za a ɗaura wa dokin, ya miƙe tsaye yana salati. In kuwa ciniki ya faɗa, sai ya zaunar da mai saye ya yi masa wasiyya: ba a ba shi ruwa yana zufa, ba ya son linzami mai kaifi, a riƙa yi masa magana kafin a zo ta bayansa. Bayan mako guda sai ga shi a ƙofar gidan, wai wucewa yake yi zuwa Sandamu, alhali gidan ba a kan hanyar Sandamu yake ba, da ɗan ƙunshin kanwa a aljihu. Ni dai ba na ganin laifin wannan, sai dai ina tausayin wanda ya saya, domin ya biya kuɗin doki ya sami suruki a gyara.

Mai "albarka" shi dillalai sun fi sani, har ba su ko ɗaga kai in ya iso. Kowace Lahadi yana wanke akawal ɗinsa ya kawo, kowane tayi aka yi, kome tsokarsa, amsarsa ita ce albarka, da la'asar kuma ya hau abinsa ya koma, ya gaya wa mutanen gida cewa kasuwa ta faɗi. Haƙiƙa bai zo sayarwa ba. Ya zo ne ya ji an taya, ya kuma sami hujjar da zai kare kansa da ita a tsakar gida har zuwa wani makon.

Akwai kuma wanda ke zuwa da abokinsa ya tsayar da shi cikin taro, don ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, abin da malamai suka kira najashi suka kuma haramta. Ba safai ake buƙatar alƙali a kan wannan ba, domin sau da yawa abokin kan yi zafi ya zarce, masu saye na gaskiya su janye, dillali ya kama hannunsa ya ce an sallama masa.

Amma wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne almajirin fikihu. Wannan bawan Allah ya sayar da dokinsa lafiya lau, an tafa, dillali ya ce Allah ya sa albarka, ya zare la'adarsa, an watse. Da ya koma gida bayan isha'i ya ga turke babu kowa, sai ilmin da ya kwanta tun yana saurayi ya motsa. Gari na wayewa ya ɗauki Muhtasar na Shehu Halilu a hammata, ya yi sallama a zauren mai saye. Ya fara da hiyarin majalisi, wato ikon fasa ciniki matuƙar ba a rabu ba. Aka tuna masa cewa mazhabar Imamu Malik ba ta yi aiki da shi ba, kuma ko da ta yi, ai an rabu tun jiya. Ya koma ga kwana ukun da aka ambata a kan dabba. Aka ce masa wannan sai in an sharɗanta shi lokacin ƙulla cinikin, shi kuwa bai sharɗanta kome ba sai kuɗi hannu. Da ya ga ƙofofi suna rufewa, sai ya shiga babin aibi, ya rantse cewa dokin nan da ya rantse jiya ba shi da aibi, yana harbi, yana cizo, yana tuntuɓe, da dare ma har tari yake yi. Mai saye, wanda bai taɓa buɗe littafi ba amma ya daɗe a kasuwa, ya ce mayarwa saboda aibi haƙƙinsa ne shi, ba na mai sayarwa ba, kuma ya ji ya gani, ya yarda da dokin har da tarinsa. Ba abin da ya rage sai iƙala, wato roƙon a warware ciniki don Allah, ita kuwa falala ce ga wanda ya ga dama, ba wajibi ba. Ƙarshenta dai malam ya sayi dokinsa da kuɗin da ya haura wanda ya karɓa, dillali ya ci la'ada sau biyu a kan dabba ɗaya, ya kuma yi wa ilmi addu'a.

Mai kunya shi ba a ganinsa a Mai'aduwa sam. Da asuba yake ba yaro dokin ya kai Maigatari ran Alhamis, don kada maƙwabta su gani, in an tambaya ya ce ya kai shi ƙauye ya sha iska. Ran hawa kuwa zazzaɓi ke kama shi, ya sake shi bayan magariba.

To, an sayar, kuɗi sun shiga aljihu, sai mas'ala ta biyu ta taso, wadda ta fi ta farko wuya, domin kuɗin doki ba su ɓoyuwa, kuma duk wanda bai taɓa ba ka damin harawa ɗaya ba, a ranar yana da shawara. Uwargida ta ga rufin ɗaki, ƙane ya ga jarin shago, limamin unguwa ya ga somin kuɗin kujerar Makka, abokin zaure kuwa ya matso ya rage murya ya ce akwai wata bazawara mai hankali a Zango.

Mai istihara ya ce shi ba zai yanke kome ba sai ya nemi zaɓin Allah, wanda kuwa abu ne mai kyau, sunna ce tabbatacciya. Illa dai shi nasa salon, duk ran da zuciyarsa ta karkata ga shanun huɗa ko injin markaɗe, sai ya ce bai natsu a sallar ba, ya sake. Ba ya samun natsuwa sai daren da ya yi mafarkin sirdi.

Mai babur ya fi kowa hujja a baki. Zai gaya maka cewa babur ba ya ci sai ya yi tafiya, ba ya ciwon ciki, ba a kwashe masa kashi, kuma ya kai mutum Baure ya dawo kafin azahar. Duk gaskiya ne, ko da yake tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 hujjar farko ta yi rauni ƙwarai. Amma dubi babur ɗin da kyau. Ya shimfiɗa masa jalala a kan kujera, ya rataya masa tuntaye a hannu, ya ajiye shi a barga daidai gindin turke. In zai tsaya sai ya ja kan babur baya yana tsaki kafin ya tuna da birki. Yaransa sun ce har yanzu da assalatu yakan fito tsakar gida da ƙwaryar dusa, ya tsaya, sa'an nan ya watsa wa kaji.

Wanda ya sayi shanun huɗa shi ne ya yi abin da hankali ya yarda da shi, domin bijimai biyu za su yi masa huɗa da damina, su ja amalanke da rani, in sun yi ƙiba kuma ya sayar da riba. Saboda haka babu abin dariya a wurinsa, ban da cewa ran hawan Magajiya a Daura yakan tsaya can bayan taro yana gyara wa mahaya zama da baki.

Mafi hasara a cikinsu duka shi ne mai jira, wanda ya ƙulle kuɗin ya ce ba zai yi gaggawa ba, domin gaggawa daga Shaiɗan take. Suna ya zo ya taɓa kaɗan, biki ya zo ya taɓa, suruki ya kwanta asibiti, wani ya ranta zuwa kaka. Kafin watan Salla ya kama, abin da ya rage bai isa ko jaki ba, sai sirdi da likkafa rataye a zaure, waɗanda ya ƙi sayarwa tun farko, wai don kada in ya sami wani dokin ya rasa kayan hawa.

Saura ɗaya, wanda a ganina ya fi su duka gaskiya. Shi ya san ciwonsa, bai kuma yi da'awar ya warke ba: ya sayar da ingarma, ya biya bashin mai harawa, ya rufa wa uwargida ɗaki don a zauna lafiya, da ragowar ya jawo ɗan dukushi mai ƙafafu kamar ba za su ɗauke shi ba, ya ce na yara ne. Kowa a unguwar ya san ko na wane ne.

Kai kuma mai karatu, in har ta kama dole sai ka rabu da naka, kada ka kai shi bayan Salla, lokacin da kowa ya sauka daga hawa yana neman mai saye. Daure ka ciyar da shi har Gani ta gabato, ka san abin da za ka saya tun kafin ka bar gida, kuma ka faɗi sharaɗinka a gaban dillali kafin a tafa.