Jirgin Farko, Gara Mai Yoyo

Akwai wata magana da na ɗauki alkawarin karewa, ko da iyaye mata na bakin ruwa za su daina amsa gaisuwata: yaron da zai koyi tuƙi, a fara ba shi tsohon kwale-kwale mai yoyo, kada a fara ba shi sabo. Duk wanda ya san gaɓar Warrah, ko mashigin Yelwa ranar kasuwa, ko ƙauyukan Gungawa da ke jere a bakin ruwa har zuwa Shanga, ya san irin jirgin da nake nufi. Sassaƙa ne na maɗaci, ya yi baƙi ƙirin, hancinsa ya gutsure, an daɗe da jawo shi tudu an kife, awaki suna sheƙe ayarsu a kansa. Tsagar da ke cikinsa an cusa mata tsumma, an shafe da kwalta, sannan an baje gwangwanin madara a kai an daddale da ƙananan ƙusoshi, har yanzu ana iya karanta sunan kamfanin. Filafilinsa ya dare biyu, an ɗaure da robar tayar keke. Abin kwashe ruwa kuwa wata jarka ce da aka yanke wa ƙugu, wadda ita ma tana yoyo. Wannan tarkace, a ganina, shi ne makarantar tuƙi mafi inganci da ke tsakanin Yauri da Kainji, kuma ba ta karɓar kuɗin rajista.

Kafin jirgi ma akwai gora. Wanda ya taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu ya ga masunta kwance a kan manyan goruna, koma a hannu, suna tafiya a kan ruwa cikin natsuwa, har mutum ya ɗauka abin ba wuya. To, a ba ɗan shekara bakwai gora a ga ikon Allah. Ya ɗora ciki, gora ta zame ta dama. Ya rungume ta da hannu biyu, ta juye da shi, ƙafafu a sama, kai a ƙasa. Ya taso yana tari yana neman ta, ita kuma tana can gaba tana rausaya, ba ruwanta. Gora ba ta da gaba ba ta da baya, ba ta da wurin riƙo, ba ta kuma jin lallashi. Abu ɗaya take koyarwa, shi ne inda tsakiyar nauyin mutum take, kuma tana koyar da shi ne ta hanyar shayar da ɗalibi ruwan Kwara har ya ƙoshi. Yaron da ya gama da ita ya riga ya daina tsoron nutso kafin ya taka katako.

Ranar da ya samu jirgi, darasin farko kusan ɗaya ne ga kowa. Yaro ya zauna a ƙarshen baya domin haka ya ga manya suna yi, hancin jirgi ya ɗaga sama, iska ta kama shi. Ya soka filafili ta hannun dama, ya ja da iya ƙarfinsa, jirgi ya karkata hagu. Ya ƙara ja, jirgi ya ƙara karkata, sai ga shi yana kewaya wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke, mata masu wanki suna ganin fuskarsa, su ga ƙeyarsa, su sake ganin fuskarsa. Daga gaɓa kawunsa na gyaran taru, ko kai bai ɗaga ba, yana cewa, "Kai yaro, murɗa hannunka! Murɗa, ba ja ba!" Yaron bai san abin da zai murɗa ba, don haka sai ya miƙe tsaye ya tambaya, wanda shi ne abu ɗaya tak da aka gargaɗe shi kada ya yi. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: tsulum, shewa daga masu wanki, da takalmin roba guda ɗaya yana bin ruwa zuwa Kainji. Abin lura a nan shi ne jirgin bai yi masa ƙarya ba. Gindinsa zagayayye ne, kuskure kaɗan yake hukuntawa nan take. Sabon jirgin katako mai faɗin ciki yafiya gare shi, yana haƙuri da zaman banza da tuƙin banza, yaro ya girma yana zaton ya iya, har ranar da igiyar ruwa za ta gaya masa gaskiya a inda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Sai batun yoyon kansa, wanda shi ne mutane suka fi ƙi, ni kuma shi na fi so. Jirgi mai yoyo yana tilasta wa mai shi ya raba hankali biyu: ido ɗaya a gaba, ido ɗaya a ƙafa. Tuƙi uku, kwasa biyu. Idan yaro ya shagala da kallon abokansa, sanyin da zai ji a ɗuwawunsa ne zai tuna masa aikinsa. A nan yake gane abin da ba a iya bayyanawa da baki, cewa ruwan da ya taru a cikin jirgi ya fi ruwan waje haɗari, domin duk inda jirgi ya ɗan karkata, can zai kwarara gaba ɗaya ya ƙara masa nauyi. A nan kuma yake koyon abin da za a yi idan an kife: katako ba ya saurin tafiya ƙasa idan babu inji ko kaya a kansa, don haka a riƙe shi, a juyo shi, a riƙa tura shi gaba da baya har ruwan ya fantsame ta baki, a kwashe saura, a hau ta ƙarshe ba ta gefe ba. Wanda ya yi wannan sau da yawa a ruwan da bai wuce ƙirjinsa ba, yana dariya, abokansa suna yi masa tsiya, hannunsa zai tuna ranar da babu dariya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma ruwan nan namu ba irin wanda ake koya da gudu ba ne. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taru ya yi tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya cinye tsohuwar Bussa da tsibirai da gonaki, aka tashi mutane kusan 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Itatuwan da suke tsaye a wuraren nan ba duka aka sare ba. Suna nan a ƙarƙashi, kututture bayan kututture. Ruwan kuma ba ya zama wuri ɗaya: akwai farin ruwa da damina ke kawowa, akwai baƙin ruwa da ke tasowa tun daga Gini da Mali ya iso da hunturu, sannan da bazara tafkin ya ja baya da mitoci da dama. Hanyar da ka bi lafiya a watan Janairu, a watan Yuni tana iya zama dajin ƙaya. Yaro mai tsohon jirgi a hankali yake tafiya, ba don ladabi ba, don ba shi da zaɓi. Yana karo da kututture ya ji ƙum, ya dafe ƙirji, ya haddace wurin. Yana sa gwangwala ya ji inda laka take da inda yashi yake. Yana koyon cewa wancan baƙin dutsen da ke huci ba dutse ba ne, dorina ce, kuma ba ta son baƙi. Idan ya yi rashin sa'a ya zura hannu cikin koma ya damƙi minjirya, wannan ma karatu ne, kuma ba a maimaita ajin.

Za a ce da ni, Malam, talauci kawai kake yi wa kwalliya; da iyayen suna da hali da sabo za su saya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma mu leƙa inda ake da halin. A Amurka, a garin Muskegon na jihar Michigan, a 1965, wani injiniya mai suna Sherman Poppen ya haɗa katakan sulu biyu ya ɗaure su wuri ɗaya domin 'ya'yansa mata su riƙa zamiya a kan dusar ƙanƙara, daga baya aka sa igiya a hancin abin don a samu na riƙewa. Babu maɗaurin ƙafa, babu birki, faɗuwa ce kawai iri-iri. Daga wannan haɗe-haɗen ne wasan zamiya a kan allo ya taso, Jake Burton Carpenter ya fara ƙera nasa a 1977, har wasan ya shiga gasar Olamfik ta hunturu a Nagano ta Japan a 1998. Mutanen da suka kafa wasan a kan allon da ba ya jin magana suka koya, ba don ba su da kuɗin sayen wani abu ba. Kwara ma ta ga irin wannan haɗin gambiza. Baturen nan mai yawon bincike, Mungo Park, a Sansanding ta ƙasar Mali ta yau, a 1805, ya ɗauki ruɓaɓɓun jirage biyu ya yanke wuraren da suka fi dama ya haɗa, ya raɗa wa abin suna Joliba, kuma wannan facin ya kawo shi har Yauri, tafiyar fiye da mil 1,000. Abin da ya ci shi a Bussa duwatsu ne da farmakin da aka kai masa daga gaɓa, bayan ya rabu da ɗan jagoransa Amadi Fatuma a Yauri. Jirgin ya yi iyakar nasa.

Wani kuma zai ce zamanin filafili ya wuce, yanzu inji ne, a koya wa yaro jan igiyar Yamaha a huta. Ina so mai wannan magana ya taɓa kasancewa a tsakiyar tafki lokacin da inji ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Matuƙi ya ja igiya, ya ja, ya buɗe murfi, ya cire fulogi ya hura masa iska ya goge da gefen riga, ya mayar, ya ja, ya ce wa fasinjoji, "Ku yi haƙuri, yanzu zai tashi," alhali hadari na haɗuwa ta gabas. A wannan lokaci mutum ɗaya ne yake da daraja a cikin jirgin, wanda ya iya riƙe hancin jirgi ya fuskanci igiyar ruwa da filafili. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, ba masunci ɗaya ba ne ya ɗora injinsa a kan gungume a tsakar gida ya lulluɓe da buhu, ya koma ga abin da kakansa ya bar masa. Je ka wajen bikin Rigata a Yauri, ka dubi samarin da ke tseren jirage a gaban Sarki, filafilai suna shiga ruwa lokaci ɗaya suna fita lokaci ɗaya. Ba a bayan inji aka samu wannan kafaɗar ba.

Amma akwai suka ɗaya da ba ta ɗaukar raha, kuma ba zan yi mata raha ba. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya dare a kusa da Warrah. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce 20 da 'yan kai ba. Jami'an hukuma sun ce jirgin tsoho ne, ya raunana, an kuma yi masa lodi fiye da ƙima. Wanda ya rasa nasa a wannan rana, in ya ji wani yana yabon tsohon jirgi, yana da haƙƙin ya tofar da yawu. Amsata ita ce abubuwa biyu ne daban, kuma haɗa su ne yake kashe mutane. Tsohon jirgi a bakin gaɓa, yaro ɗaya a ciki, ruwa iya ƙugu, babba yana kallo, makaranta ne. Tsohon jirgi a tsakiyar tafki, da mata da goyo da buhuna da babura, kabari ne da aka sa wa inji. Matsalarmu ita ce mun juya lissafin: jirgin da ya kamata ya yi ritaya ya koma hannun yara, sai a ƙara masa faci a ƙara masa fasinja, yara kuma a kore su daga bakin ruwa da bulala, su girma ba su taɓa kifewa ba. Har ila yau, yawancin waɗanda ke cika jiragen kasuwa ba 'ya'yan Sarkawa masunta ba ne, manoma ne da 'yan tireda da matan aure waɗanda ba su taɓa hawa gora ba, ba za su kuma hau ba. Su babu wani darasin yoyo da zai cece su, rigar kariya ce kawai, wadda har gobe wasu ke ƙin sawa wai zafi gare ta, wasu kuma wai nuna tsoro ne.

Don haka ga roƙona ga Sarkin Ruwa da shugabannin matuƙa na kowane mashigi daga Warrah zuwa Yelwa. Duk jirgin da facinsa ya fi katakonsa yawa, a cire shi daga layin fasinja yau, kada a jira damina. Kada kuma a faskara shi a yi itacen bandar kifi. A ja shi inda ruwa bai kai ƙirji ba, a ba yaran gari, maza da mata, a sa musu rigar kariya, a zaunar da dattijo ɗaya mai taru a gaɓa ya riƙa yi musu tsawa.