Gemu da Kuɗin Jarrabawa

Na ji ku, 'yan majalisar mai shayi ta Galtimari. Kun ce magidanci mai 'ya'ya huɗu da ya koma rubuta WAEC ko NECO karo na biyu, in har yana so a biya masa, to son banza ne. Wai ba yana da takarda ba? Yana da ita mana, malamai. Ku karɓa ku duba: kiredit uku, Turanci F9, Lissafi kuwa sai dai addu'a. Jami'ar Maiduguri da ke nan maƙwabtanku kiredit biyar take nema, a zama ɗaya ko biyu. Takardar tasa ko ƙofar jami'ar ba ta kai shi.

Gwamnatin Borno takan biya wa 'yan ajin ƙarshe na makarantunta kuɗin jarrabawa, madalla. Amma wanda ya bar aji tuntuni, daga aljihunsa zai yi rajistar jarrabawar 'yan waje. Bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024 kuma sai ka samu gurbi a babbar makaranta tukuna. To ta ina zai samu gurbin?

Ku da ke dariya, kun manta 2014? Shekarar da aka rufe makarantu saboda Boko Haram, azuzuwan Maiduguri suka zama masaukin 'yan gudun hijira. Yaran da suka zana jarrabawa a wannan ruɗani su ne masu gemun da kuke wa tsiya yau. Da wasunku ne, ko sunansu ba za su rubuta daidai ba.

Inda kuka yi gaskiya, ba zan ƙwace muku ba. Wanda ambaliyar Alau ta Satumbar 2024 ta tafi da takardarsa ba ya buƙatar sabuwar jarrabawa. WAEC na bayar da kwafin takardar ta intanet. Mai kiredit takwas da ke son A1 don burge surukai shi ma ya sayar da akuyarsa ya biya.

Amma wanda darasi ɗaya ko biyu suka tsare shi shekara goma, a biya masa zama guda, a ga abin da zai yi. Alhaji mai yawan musu, kai ma fito mana da taka takardar mu gani.