Ƙotar Japan da Aljihun Mai Neman Araha

Duk wanda ya daɗe yana buga golf ya san akwai ranar da mutum zai daina zargin hannunsa ya koma zargin sandarsa, kuma mu 'yan wasan Asabar da Lahadi ba ma ɓata lokaci kafin mu kai wannan matsayi. Ƙwallo ta karkace ta faɗa ciyawa, sai mu ɗaga sanda mu zuba mata harara. Kan sandar mun saye shi da tsada, ba ma son jin laifinsa, don haka hukunci yakan faɗa kan ƙota, wato dogon bututun nan da ya haɗa kai da mariƙi. Daga nan kuma ido sai Japan, domin can manyan masu yin ta suke: Fujikura mai Ventus da Speeder, Mitsubishi Chemical mai Diamana da Tensei, Graphite Design ta garin Chichibu mai Tour AD, da Nippon Shaft mai N.S. Pro ta ƙarfe. Sabuwar Ventus ta ainihi takan kai dala 350 a Amurka, Tour AD ma ta ɗara hakan kaɗan, kuma bututu zalla ke nan, ba kai, ba mariƙi, ba ladan mai ɗaurawa. Ni dai a ganina mafi yawanmu ba mu da dalilin biyan wannan kuɗi. Abin dariyar shi ne dabarar da muke yi don kauce masa ita ce ke sa mu biya shi sau biyu, har da ɗoriya.

Ban ce tsadar ƙarya ce ba. Ana yin ƙotar ne da shimfiɗun zaren kabon da aka jiƙa da ƙaro, a nannaɗe su ɗaya bisa ɗaya a jikin siririn ƙarfe, a gasa, a zare ƙarfen, a goge, a yi fenti. Yadda aka jera shimfiɗun da irin zaren da aka sa su ke yanke inda ƙota za ta lanƙwasa da yadda za ta murɗe, kuma Toray da Teijin da Mitsubishi, manyan masu yin wannan zare a duniya, duk na Japan ne. Sai dai wani kaso mai tsoka na farashin kuɗin sabunta ne kawai. Graphite Design kusan kowace shekara sai ta fito da sabuwar Tour AD mai sabon launi da sababbin haruffa biyu: MJ, TP, IZ, VR, XC, HD, UB. Da a ce ta bara takan lalace da zuwan ta bana, da Hideki Matsuyama bai ci gasar Masters ta 2021 da Tour AD DI mai ruwan lemo ba, ƙotar da Tiger Woods ya riga ya riƙe tun 2010. Ita DI suna ya riƙe mata farashi har yau. 'Yan'uwanta da ba su yi sa'ar shiga hoton ɗaga kofi ba, waɗanda masana'anta ɗaya ta yi su, su ne ke saukowa a kasuwar na hannu, kuma su ya kamata mai hankali ya nema.

To amma mu ba haka muke nema ba, suna muke bi. Mutum ya ji an ce Ventus, sai ya kwana a waya yana laluben Ventus mafi araha, ya same ta a kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinta, ya biya yana dariyar waɗanda aka cuta. Ranar da ta iso ya kai ta fili yana ɗaga ta yadda rana za ta haska sunan, sai wani da ya san kan abin ya juya ta, ya duba kusa da bakinta, ya tambaye shi ina rubutun VeloCore. Nan ake yin ta. Ventus iri biyu ce: akwai wadda Fujikura ke sayarwa ita kaɗai, mai wannan haɗin zare na musamman da ya jawo mata suna, akwai kuma wadda ake yi wa kamfanonin sanda su ɗaura a kan hajarsu, kamar wadda ta zo da direbar TaylorMade SIM Max, wato sandar bugun farko, a 2020, mai suna ɗaya da launi kusan ɗaya amma babu VeloCore. Ba jabu ba ce, ba a kuma ɓoye wa kowa ba. Shi ne bai karanta ba. Wato ya cire ƙotar da ta zo da sandarsa, ya biya kuɗi ya sayi ƙotar da ta zo da sandar wani. Jabun ma akwai su jibge a intanet, kuma mai sayarwar da hotunansa duk suka tsaya a tsakiyar ƙota, ba baki ba gindi, ya riga ya gaya maka abin da yake ɓoyewa.

Tarko na biyu girman kai ne ya haƙa shi. A jikin kowace ƙota akwai harafin da ke nuna taurinta, R ko S ko X, kuma babu wani ma'auni guda da ya ɗaure kamfanoni a kansa. S ɗin wannan R ɗin wancan ce. Ƙotocin da ke zuwa da sandunan kasuwar cikin Japan sukan fi na Amurka laushi da rashin nauyi ko da harafin ɗaya ne, har suna da SR a tsakani. Lambar da ke gaban harafin kuma nauyi take nufi: 5 giram hamsin da wani abu, 6 sittin da wani abu. Ta Matsuyama 8 ce, TX, wato giram tamanin da ɗoriya kuma mai taurin gaske, domin ƙwararrun Amurka da ire-irensa suna wurga kan direba da gudun da ya wuce mil 110 a awa, mu kuwa matsakaicinmu bai kai 95 ba. Duk da haka ka tambayi magidanci mai furfura da ciwon baya wace yake bugawa, zai ce S, da muryar wanda aka tambaya ko yana ciyar da gidansa. Ya sayi irin ta zakara, ƙwallo ta ƙi tashi sama, ta dinga zamewa dama, shi kuma ya kammala cewa wannan ma ba ta kai ba, sai an ƙaro kuɗi.

Kasuwar na hannu ta Japan kuwa aljannar mai neman araha ce, idan ya san lambobinsa. Shagunan Golf Partner sun bazu ko'ina a ƙasar, ga gwanjon Yahoo, ga Mercari, mutanen can kuma suna da kula da kaya da saurin gajiya da shi. Da darajar yen ta faɗi har dala ɗaya ta haura yen 160 a 2024, sai kayan suka ƙara sauƙi ga mai dala, ko da yake mai naira ba shi da bakin yi wa yen dariya. Amma ƙotar da aka taɓa ɗaurawa tana da tarihi. A bakinta akwai adafta, kuma ta Ping ba ta shiga kan Callaway, ta Titleist ba ta shiga TaylorMade. Cire ta sai da zafi, zafin kuma idan ya yi yawa yakan dafa ƙaron da ya riƙe zaren, shi ya sa ake duba bakin ko ya yi baƙi ko zare ya fara tashi. Sabuwar ƙotar direba inci 46 take zuwa, a yanke ta daidai mai ita, wani ma ya datse bakin don ta ƙara tauri, abin da ba ya komawa. Wanda bai tambayi tsawo ba shi ne zai karɓi ƙotar da aka yanke wa gajeriyar sanda, ya tsaya a wurin bugun farko a sunkuye kamar mai shara da guntuwar tsintsiya. Ƙara la'adar dillalin da ya taya maka a gwanjo, da kuɗin jirgin kwali mai tsawon fiye da mita, da na kwastan, sai ka ga arahar ta zube a hanya.

Za a ce mini sayen nagari mai da kuɗi gida: sabuwa daga dillalin da kamfani ya amince da shi tana da garanti, babu fargabar jabu. Gaskiya ne, kuma ga mai bugu da ƙarfi, wanda bakin ƙota ke murɗe masa, wannan tsadar tana da aikin yi. Sai dai nagarin da karin maganar ke nufi shi ne wanda ya dace da kai, kuma farashi bai san gudun hannunka ba. Kuɗin da ya cancanci a fara kashewa na awo ne: a tsaya gaban na'ura, a buga da ƙotoci uku ko huɗu masu bambancin nauyi, a ga gudu da tashin ƙwallo da juyawarta. Za a ce mai awon ma ɗan kasuwa ne, sabuwa zai tura maka. To ka biya shi ladan awonsa, ka karɓi lambobinka a rubuce, ka yi masa godiya ka tafi. Inda na'urar ta yi nisa, ko a Kano ne ko Kaduna ko Rayfield ta Jos, abokin da ke da adafta irin taka ya wadatar, domin da ɗan makullin adafta ana musanya ƙota cikin minti ɗaya. Hujjar da ba ni da amsarta ita ce ta wanda ya ce ganin ruwan lemon nan kawai yana kwantar masa da hankali. Wannan magani yake saye, ba ni kuma shiga tsakanin mutum da maganinsa.

Inda ingancin Japan ya fi araha ma ba a direba yake ba, a sandunan ƙarfe yake, can da ba mai leƙawa ya yaba. N.S. Pro 950GH ta fito a 1999 da nauyin giram 95 ko kusa da haka, lokacin da ƙotocin ƙarfe suka saba haura 120, kuma har yau sabuwarta ba ta kai dala hamsin ba. Mai furfurar nan da ita ya kamata ya fara, da zai yarda a gan shi da abu marar nauyi. Idan ya yarda, saura ya auna ramin kan sandunansa kafin ya yi oda, domin akwai mai bakin inci 0.355 akwai mai 0.370, kuma wannan karon guda bakwai zai saya a tashi ɗaya.