Gizo Sarkin Jifa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara Zaki ya noma dawa a bakin dam ɗin Mairuwa, kusa da Funtua. Dawa ta fid da kai, jan-baki suka sauko mata kamar hadari. Zaki ya sa aka yi shela a kasuwar Dandume har Malumfashi: duk wanda majaujawarsa ta fi kai dutse nesa, shi ke da gadin gona da dami goma.

Kura ce ta fara, wai ai magana ta ƙarfi ce. Ta wulwula majaujawa, ta saki dutse sama sak. Dutse ya tafi, ya tafi, ya tsaya, ya juyo, ya sauka a kan wutsiyarta. Ta sake, wannan karon a kwance. Ko kunya ashirin bai tsallake ba ya ci ƙasa. Gizo ya matso cike da tausayi, ya miƙa mata curin auduga, wai mara nauyi ya fi tafiya. Iska ta tare shi a gaban hancinta.

Ashe tun daren jiya Ƙoƙi ta zaunar da mijinta. "Maigida, dutse in ya bar hannu tafiya biyu yake yi. Yana gaba, ƙasa tana jan sa, kowace daƙiƙa tana ƙara wa gudun faɗuwarsa mita 9.8 a daƙiƙa. Ka cilla sama, ya daɗe bai je ko'ina ba. Ka jefa a kwance, ƙasa ta cafke shi da wuri. Raba tsakani, digiri 45. Galileo na Italiya ya rubuta haka tun 1638."

"Na shani," in ji Gizo. Bai sani ba.

Dutsen Gizo ya faɗa can bayan gona. Aka biya shi tun bai kori ko tsuntsu ɗaya ba, yadda aka saba.

Da dare Kura ta zare dami ɗaya daga rumbun Gizo, ta taka rufin, ta haye reshen tsamiya da shi. Da asuba sai ga Gizo da danƙo. Kura ta yi lissafinta: da ya saki, zan saki reshe, dutse ya wuce ta bisa kaina.

Gizo ya auna goshinta kai tsaye, don ya manta karatun Ƙoƙi kaf. Da Kura ta zauna daram, da dutsen ya bi ta ƙarƙashin reshe. Amma danƙo ya yi tas, ta saki. Ƙasa kuwa ba ta san babba da ƙarami ba. Cikin rabin daƙiƙa ta janyo Kura mita ɗaya da ɗan ɗori, ta janyo dutse daidai haka. Suka gamu a hanya, ƙwas, a goshi.

Gizo ya garzaya fada. "Ranka ya daɗe, manyan dawa, lisshafi na yi!" Ƙoƙi tana gefe tana tsince wake, ba ta tanka ba.

Aka naɗa shi Sarkin Jifa. Kwana uku ana kiɗa, jan-baki suna nasu bikin a gona. Da Zaki ya je ya tarar da kara tsaye, Gizo ya duba, ya girgiza kai, ya ce majaujawar ce ta yi ƙanƙanta, sabuwa kuma dami ashirin ce.

Ƙurunƙus.