Ruwan Kokwamba: Yadda Ake Haɗa Shi da Abin da Kan Biyo Baya

Ruwan kokwamba ruwan sha ne da ake yanyanka kokwamba a zuba a ciki, a bar shi ya jiƙa har ya ɗauki ƙamshinta. Asalin kokwamba ƙasar Indiya ce, inda aka shafe sama da shekara 3,000 ana nomanta, yau kuwa ƙasar Sin ta fi kowa samar da ita. A ƙasar Hausa ana shuka ta a fadamu da wuraren noman rani irin na Kura da Kadawa, a kawo ta kasuwannin kayan gwari kamar ta 'Yankaba a Kano. Kusan kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne. Saboda haka mai haɗa wannan abin sha, in aka bi diddigi, ruwa yake jiƙawa a cikin ruwa.

Lokacinsa shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Galibi maigida ne ke shigo da shi gida, bayan ya ga wani bidiyo a waya da aka ce ruwan yana wanke ciki, yana rage tumbi, yana sa fuska sheƙi. Daga nan sai ya sanar da iyali cewa an daina shan lemon kwalba a gidan.

Kayan haɗi

Ana buƙatar kokwamba matsakaiciya guda ɗaya, ruwa mai tsabta kamar lita biyu, da jug mai murfi. Wasu kan ƙara na'ana'a ko lemon tsami. A wanke kokwambar sosai, domin an sha yi mata ban ruwa da feshi, ta kuma sha hannun masu taya.

Matsala ta farko kan faru tun kafin a ɗauko wuƙa. Kokwambar da aka ajiye a tsakar gidan da ke da yara da ƙuli-ƙuli da yaji ba ta cika kaiwa la'asar ba. Idan maigida ya tambaya, amsar da aka saba ba shi ita ce, "Baba, mun ɗauka ta ci ce." Babu hujjar da ke rushe wannan magana, don haka sai a sake aike kasuwa.

Yanka da ɗaci

Ana yanka ta siriri-siriri domin ƙamshin ya fita da wuri. Kafin nan ya kamata a ɗanɗana gefen da take manne da reshe, saboda a can da cikin ɓawo ne wani sinadari mai ɗaci da ake kira kukubitasin ya fi taruwa, musamman idan shukar ta sha zafi da ƙishirwa a gona. Maigida ba ya ɗanɗanawa, tun da matar cikin bidiyon ba ta ɗanɗana ba. Yakan kuma jefa lemon tsami da ɓawonsa, wanda shi ma ɗaci yake saki idan ya daɗe a ruwa. Abin da ake samu a ƙarshe ya fi kusa da jiƙon maɗaci. Uwargida takan kurɓa sau ɗaya, ta ajiye kofin a hankali, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam."

Sanyaya shi

Ruwan yana son awa biyu zuwa huɗu a firji. A nan ne ake gane cewa sinadarin da ya fi muhimmanci a haɗin, wanda bidiyon bai ambata ba, shi ne wutar lantarki. Da zarar an rufe firjin sai a ɗauke ta. Yankakken kayan lambu ba ya jure zafi. Cikin 'yan awoyi ruwan zai yi duhu, kokwambar ta yi laushi ta fara yauƙi.

Don gudun asara, maigida kan juye jug ɗin a randa. Dabarar tana da tushe, domin randa tana sanyaya ruwa ta hanyar zufar da take yi, iska ta busar da ita ta tafi da zafin. Sai dai yumɓu yana riƙe wari, kuma randar ta kowa da kowa ce. Da magariba mahaifiyar maigida za ta cika butarta, ta shinshina, ta ɗaga murya: "Wane ne ya yi miya a randa?" Daga nan maganar ta bar hannun masana abinci ta koma ta malamai, domin a fiƙihun Malikiyya ruwan da wani abu mai tsarki ya canza masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ya halatta a sha, amma ba a alwala da shi. Hukuncin gida kuwa shi ne a kwashe ruwan, a wanke randar, wanda ya zuba kuma ya biya mai garuwa.

Baƙi

Baƙon da aka miƙa wa kofi ya ga korayen abubuwa suna yawo a ciki ba ya tunanin abin marmari. Yakan dubi maigida da tausayi ya ce, "Alhaji, ashe jikin ne? Allah ya ƙara sauƙi." Idan ya kurɓa ya ji ɗaci, sai imaninsa ya ƙaru, ya tambaya ko na basir ne ko na shawara, ya roƙi a cika masa gora ya kai wa surukinsa. Ta haka ruwan da 'yan gida suka ƙi kan yi suna a unguwa.

Amfaninsa

Ruwan ne ke kashe ƙishirwa. Aikin kokwamba shi ne ba shi ƙamshi, wanda kan sa mai ƙyuyar shan ruwa ya ƙara sha, kuma babu sukari a ciki. Wannan amfani ne na gaske. Wanke jiki daga datti kuwa aikin hanta ne da ƙoda, kuma suna yin sa ba tare da jiran jug ba. Sinadaran gina jiki da ke cikin kokwamba, irin su bitamin K da harza, akasarinsu a jikin yankan suke zama, wato yaran da suka cinye ta da ƙuli-ƙuli sun fi kowa cin riba. Alamar jiki ya sami isasshen ruwa ita ce fitsari ya yi haske. Wanda gudawa ko amai ya tsotse wa ruwa, abin da yake buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari da kuma zuwa asibiti.

Adanawa

Idan akwai wuta, a tsame yankan bayan kwana ɗaya, a shanye ruwan cikin kwana biyu zuwa uku. Idan babu wuta, a haɗa kaɗan, a sa ƙanƙara mai tsabta, a shanye a zama ɗaya. Wanda ya yi yauƙi ko tsami a zubar. Yankan da aka tsame, in bai lalace ba, akan ba awaki, kuma a yawancin gidaje su kaɗai ne ke fatan a sake haɗawa gobe.