Yadda Ɗan Tudu Zai Kai wa Kifi Ziyara a Zanzibar Ya Dawo da Mutuncinsa

Zanzibar ta zama wurin da ango ke kai amarya, ɗan kasuwa ke zuwa shan iska, ma'aikaci kuma ke zuwa "taron ƙara wa juna sani" ya dawo da hotuna ɗari babu takarda ko ɗaya. Hoton kowa iri ɗaya ne: farin yashi, shuɗin ruwa, da mai hoton a tsaye cikin baƙin tabarau yana hangen nesa. Alhali abin da ya tara duniya a tsibirin yana ƙarƙashin ruwan, inda kifaye da kunkuru da murjani suke harkarsu ba su gayyaci kowa ba. Waɗannan shawarwari na ɗan tudu ne, wanda babban ruwan da ya taɓa gani shi ne dam ɗin Tiga, shi ma ta tagar mota.

Kafin ka ɗaure kaya

Nemo katin allurar rigakafin cutar shawara, domin za a iya tambayarka shi a filin jirgin Abeid Amani Karume, kuma "wallahi an yi mini tun ina firamare" ba ta shiga kwamfuta. Tun watan Oktoba na 2024 an wajabta wa baƙi sayen inshorar tsibirin a kan dala 44. Biya abinka, ka ɗauka kuɗin gaisuwar mai gari ne. Baƙar leda haramun ce a Tanzaniya, saboda haka kilishi da dambun naman da Hajiya ta ƙulle maka a nema masu wani mazubi. In kuma ka ga kuɗin otal ya faɗi warwas tsakanin Maris da Mayu, kada ka ce addu'arka ce ta ci. Damina ce, mai suna masika, kuma za ka ga ruwa har ka gode Allah, sai dai daga sama zai riƙa zuwa.

Gyara agogo, gyara alƙibla

Agogon Zanzibar yana gaban na Kano da awa biyu. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awoyinsu, don haka idan mai kwalekwale ya ce ku haɗu ƙarfe ɗaya, bakwai na safe yake nufi. Ka tambaye shi sau biyu, ka nuna masa fuskar wayarka, in ba haka ba ka iso bayan azahar ka tarar har sun dawo suna shanya kaya.

Lokacin salla kuma kada ka shimfiɗa darduma ka dubi gabas yadda ka saba. Makka tana arewa da Zanzibar kusan sak. Wanda ya dubi gabas daga nan, Indonesiya ya fuskanta, kuma duk yawan Musulmin can ba su isa su zama alƙibla ba.

Idan ka wayi gari babu teku

Wanda ya sauka a gabashin tsibirin, wajen Paje ko Jambiani, wata safiya zai buɗe taga ya ga ruwan da ya biya kuɗi don ya kalla ya yi nisa, sai fili fetal da kwalekwale a kwance a kan yashi. Kada ka nemi manaja, kada ka ce a maido maka kuɗinka. Teku na cikowa ta janye sau biyu a yini, wata ne ke jan ta, kuma kullum tana makara da kusan minti 50 a kan jiya. Cikowar da janyewar sun fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, lissafin da ka riga Bature sani tun kana makarantar allo.

Sa'ad da ruwan ya ja baya za ka ga mata sun shiga fili da turaku da igiyoyi. Gona ce. Ciyawar teku suke nomawa, sana'ar da ta kafu a nan tun ƙarshen shekarun 1980, ana busar da ita a fitar waje don haɗa abinci da kayan shafa. Kada ka ratsa ta cikin kunyoyinsu kana ɗaukar bidiyo. Wanda yake son ruwan da ba ya yawo da nisa, ya nufi Nungwi ko Kendwa a arewa, kimanin kilomita 60 daga birnin Stone Town.

Iya ruwa, fidda kai

Babban wurin leƙen kifi shi ne kewayen ɗan tsibirin Mnemba, daura da ƙauyen Matemwe. Tsibirin kansa na masu kuɗi ne, ba a yarda ka taka shi ba; naka shi ne ruwan da ke gefe. Mai jirgi zai tambaye ka ko ka iya ruwa. Nan ne girman kai ke kashe mutum. Ninƙayar da ka yi a kududdufin bayan gari shekara talatin da suka wuce ba ta cikin lissafi. Ce ba ka iya ba, karɓi rigar ceto, ɗaure ta tamau, ko da yaran Turawa 'yan shekara bakwai suna kallonka.

Za a ba ka tabarau na ruwa, da bututun numfashi, da takalman agwagwa. Babbar riga da hula su tsaya a otal. Mai gashin baki ya sani cewa ta nan ruwa ke sulalowa cikin tabarau, sai ya shafa ɗan basilin a wurin, ko ya haƙura da shaƙar teku ta hanci. Numfashi ta baki ake yi, kuma ba a magana da bututu a baki, ko da ka ga abin da ya cancanci salati. Yi shi a zuci. Kowace lita ta ruwan nan tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, kurɓi ɗaya ya ishe ka tabbatarwa. Waina da miyar taushe kafin shiga jirgi kuwa sadaka ce ga kifaye, za su karɓa da godiya.

Ladabin baƙo

Duk dokokin ƙarƙashin ruwa ka riga ka san su daga gida. Baƙon kirki ba ya hawa gadon mai gida da takalmi, ba ya ɗaga yaran gida sama ya jujjuya, ba ya cusa kwanon gidan a aljihu ya ce tsaraba. To, nan ma gidan wasu ne.

Abin da kake gani kamar dutse mai rassa da launi, murjani ne, kuma yana da rai. Ƙananan halittu ne dubbai suke gina shi, wasu nau'o'in ba sa ƙara fiye da santimita ɗaya a shekara. Idan ka gaji ka tsaya a kansa don ka gyara tabarau, ka rushe aikin da aka fara kafin a yi maka kaciya. Ga shi kuwa da ma a wahale yake: zafin teku na 1998 ya kashe murjani mai yawa a Tekun Indiya. Shi ma ba kanwar lasa ba ne, yana yanka ƙafa, ciwon kuma ba ya saurin warkewa.

Tauraron teku, ja mai ƙafa biyar, a cikin ruwa yake numfashi. Wani saurayi zai ciro shi ya ɗora maka a tafin hannu don hoto. Ce masa ya mayar. Hotonka ba zai rage kyau ba, shi kuwa ransa ne. Bushiyar ruwa, baƙa mai dogayen ƙayoyi, ba ta bukatar wanda zai kare mata haƙƙi: taka ta sau ɗaya, ƙayar ta karye a dugaduginka, sauran hutun ka yi shi da ɗingishi. Sa takalmin roba.

Farin yashin da kake kwanciya a kai kana lumshe ido, wani kaso nasa ta cikin kifin aku ya biyo. Yana gurgurar murjani da baki, ya niƙe, ya fitar ta baya. Ba sai ka gaya wa amarya ba sai kun dawo gida.

Dolfin ba ya binka bashi

A Kizimkazi, can kudu, ake fita da sassafe neman dolfin. Ba kifi ba ne, dabba ce mai shayarwa da ke leƙowa sama ta shaƙi iska. Abin da za ka gani shi ne jirage da yawa sun yi wa 'yan dabbobi kaɗan ƙawanya, direbobi na ihu "Faɗa! Faɗa!", mutane na zubawa ruwa, dolfin kuwa ya riga ya nutse. Kifi na ganinka, mai jar koma. Zaɓi mai jirgin da ke rage wuta ya tsaya nesa. Dabbar da ba a kora ba ta fi daɗewa a sama. Idan ba su fito ba, kada ka yi fushi, shiga tsohon masallacin Kizimkazi, wanda rubutun da ke bangonsa ke ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107. Shi dai ba ya nutsewa.

Gaida dattawa

Tsibirin Changuu, wanda ake kira tsibirin kurkuku, ɗan taƙi ne a jirgi daga Stone Town. An gina kurkukun a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mai da shi wurin killace masu cuta. Mazaunansa na yanzu manyan kunkuru ne 'yan asalin tsibirin Aldabra, waɗanda gwamnan Ingila na Seshels ya aiko da huɗun farko kyauta a 1919. Wasunsu sun haura shekara ɗari. Ba a hawa bayansu, ba a ƙwanƙwasa ƙoƙonsu a ji ko suna ciki. Rusuna ka gaishe su, sun girmi kakanka.

Cin dare da ciniki

Da magariba a lambun Forodhani da ke Stone Town ake baje gasasshen kifi, da ruwan rake, da miyar urojo, da wata halitta mai hannu takwas da suke kira pweza. Tambayi kuɗi kafin a ɗora a wuta, domin bayan ka haɗiye babu sauran "albarka". Cikin gari kuma a rufe jiki; mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, kuma gajeren wandon da ka saya don teku, teku kaɗai ta yarda ta gan shi. Masu tallar bawon kunkuru da busasshen murjani ka wuce su, in ba so kake jami'in kwastan ya buɗe akwatinka gaban jama'a ba. Sayi kanumfari, shi ne arzikin tsibirin tun zamanin sarakunan Oman, kuma Hajiya ta san abin da za ta yi da shi.

Idan ka dawo majalisa

Za a tambaye ka yadda ka ga teku. An yarda ka ƙara wa kifin da ka gani tsawon kamu ɗaya, an yarda ka ce dolfin ya kalle ka ido cikin ido. Zancen rigar ceto kuwa, da yadda ka ƙanƙame igiyar jirgi kana kiran sunan mahaifiyarka, babu wanda ya sani sai mai kwalekwale, shi kuma ba ya jin Hausa. Abin da ya rage kawai ka duba wayar amarya kafin ta tura bidiyon a rukunin WhatsApp na dangi.