Yadda Ake Zaɓen Kwaɓin Fuska Ba Tare da Firgita Yaran Gida Ba

 Uwargida da amarya, ku jawo kujera. Daga Kaura Namoda zuwa Zurmi har Shinkafi, da wuya ki shiga gida uku a jere ba ki tarar da wata ta kwaɓa wani abu ta lafta a fuska ba, tana zaune bakin ƙofar ɗaki tana amsa gaisuwa da hannu don kada kwaɓin ya tsage. Al'ada ce mai kyau, ina kuma bayanta. Abin da ke damuna shi ne yadda ake zaɓen kwaɓin. Wata a waya ta gani, wata a gidan suna aka raɗa mata, wata kuwa abokiyar zamanta ta gani tana sheƙi, ta aiki yaro ya leƙo mata ƙwaryar. Ba wadda ta tsaya ta tambayi mai abin, wato ita fuskar.

Tambayarta ba wuya. Da safe ki wanke ta da sabulu marar ƙarfi, kada ki shafa komai, ki yi hidimarki na awa guda nesa da murhu. Sai ki danna farin ƙyalle mai tsabta a goshi da hanci da kumatu. In ya fito da maiƙo ko'ina, fuskarki mai maiƙo ce. In ya fito wayam, kuma kina jin fatar na ɗaurewa in kin yi murmushi, busasshiya ce. In goshi da hanci na naso amma kumatu sun yi furu-furu, to fuskarki gidan mata biyu ce, adalci ya wajaba a kanki: kowane ɗaki da nasa kwaɓin. Akwai kuma mai saurin fushi, wadda ko sabon sabulu ta haɗu da shi sai ƙaiƙayi da ƙuraje. Ita wannan lallashi kawai take so.

Daga nan sai ki dubi lokaci. Mu da ke dab da iyakar Nijar, mu ne ke fara yi wa hunturu maraba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na kwaso ƙurar Sahara ta tsotse duk ɗanyantakar da ke jikin mutum, har mai maiƙo ma ta fara neman man shafawa. A irin wannan lokaci, busasshiyar fata ba abin da take so kamar zuma cokali ɗaya da kindirmo cokali biyu. Zuma na riƙe danshi a fata, shi kuma ɗan tsamin kindirmo yana sassauta matacciyar fata ta fita ba tare da kurza ba. Minti goma zuwa sha biyar ya isa. Ki wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ki bi da ɗan man kaɗanya tun fuskar na da laima. Sai dai ki sani, wannan haɗi yana da masoya da yawa. Ƙudaje za su zo gaisuwa, kyanwa za ta zauna kusa da ke tana nuna miki ƙaunar da ba ta taɓa nuna miki ba, autanki kuma zai hau cinya ya miƙo harshe. Ki saki labule, ki ba shi nasa kindirmon a kofi tun kafin ki fara.

Bazara ita ce lokacin mai maiƙo. Zafin Maris zuwa Mayu na buɗe famfon zufa, ƙura ta zo ta manne, ƙofofin gashi su toshe. A nan garin shinkafa ke aiki, kuma ko ba komai fadamun Shinkafi ba su bar mu da rashinta ba. Ki niƙa ta lilis, ki tankaɗe da rariya mai laushi, ki kwaɓa da ruwa ko kindirmo. Farar ƙasa ma na tsotse maiƙo sosai, amma kada ki jira sai ta bushe ƙarau ta fara darewa. Da ta fara haske a gefe-gefe ki wanke, sau ɗaya ko biyu a mako. Kuma don Allah ki san inda aka ɗebo ta. Mutumin Zamfara ba ya bukatar a tuna masa 2010, shekarar da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, daga ƙurar duwatsun da ake dakawa a cikin gidaje ana neman zinariya. Ƙasar da ba ki san raminta ba, kada ta shigo ɗakinki. Ƙurarta na bin hannunki ta isa bakin yaron da kike shayarwa.

Yanzu ga waɗanda za ki kora daga ƙwaryarki ko da wa ya kawo su. Na farko lemun tsami tsura. Masana na auna tsami da wani ma'auni da ke tashi daga 0 zuwa 14, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai ƙarfi. Fatar mutum na zaune wajen 5, lemun tsami kuwa wajen 2 yake. Ki shafa shi ki fita ranar Kaura, abin da za ki samu ƙuna ce, ƙunar kuma ta warke ta bar baƙin tabo. Kanwa da toka suna can ɗaya gefen ma'aunin, su ma cin fata suke yi. Ki bar kanwa ta yi aikinta a miyar kuka. Makilin na haƙora ne. Sai kurza da soso da matse ƙuraje da farce. Baƙar fata na da wata ɗabi'a: duk inda aka ji mata ciwo, sai ta tara launi a wurin. Ƙurjin da zai tafi cikin mako guda, in kika matse shi, tabonsa na iya kwana watanni yana halartar biki tare da ke.

Dilka kuwa sarauniya ce, ba mai ja. Daga Sudan ta taso, ta yada zango a Maiduguri, yau ga ta har cikin lungunanmu, da kurkur ɗinta da ƙamshinta. Tana laushi da fata, tana fitar da datti. Amma amarya, ki fara da makonni kafin biki, kada ki bari sai daren kai ki ki gwada abin da fuskarki ba ta taɓa gani ba. Kurkur kuma ɗan kaɗan ake sawa, gwargwadon abin da yatsu biyu za su tsinta. In kika zuba da ludayi, da ke da matashin kai da farar rigar ango duk launi ɗaya za ku wayi gari.

Ga inda nake so ki ba ni kunnenki duka biyu. Dilka ta gaskiya ba ta canza launin da Allah ya yi ki da shi. Duk haɗin da aka ce miki cikin kwana uku za ki yi fari, an zuba masa wani abu da ba a faɗa miki ba, galibi haidurokwinon, ko sitiroyid, ko makyuri. Sitiroyid na sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya bar nankarwa. Haidurokwinon in an daɗe ana shafawa shi ke kawo baƙin nan na kumatu mai wuyar fita. Makyuri kuwa har ƙoda yake taɓawa, kuma yana isa ga jariri ta ciki da ta nono. A farkon 2023, a wani taro a Kano, shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Ina jin zafin ganin yarinya baƙa kyakkyawa ta koma fuska wani launi, gaɓoɓin yatsu wani launi. Haka nan baƙin lallen da ake haɗawa da dayis, kada ya kusanci girarki; sinadarin rinin gashin da ke ciki na sa fata ta kumbura ta yi ruwa.

Na kanti fa? Tun 1929 da jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda muke karɓar kayan nesa, yau har da jiƙaƙƙen ƙyallen nan na cikin leda, mai hujin ido da hanci da baki, wanda Koriya ta Kudu ta yi wa suna a duniya. Yana da daɗi, yana ba fata ruwa, musamman in kin ɗora ledar a gindin randa ta yi sanyi. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, ko a Gusau kika saya ko ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi. Sau ɗaya ake amfani da shi. Ba a wankewa a shanya, ba a kuma ara wa ƙanwa.

Kowane iri ne, na gida ko na kanti, ki fara ɗiga kaɗan a bayan kunne, ki bar shi ya kwana. In gari ya waye ba ƙaiƙayi ba ja, bismillah. Raɗaɗi ba alamar magani na aiki ba ne, fuska ce ke neman ceto. Ki wanke nan take.

Saura zaɓen sa'a, wanda zaman lafiyar gida ya rataya a kansa. Kada ki shafa dab da lokacin sallah, don kwaɓi mai kauri na hana ruwan alwala taɓa fata; hantsi ya fi, ko bayan isha'i. Kada ki fito tsakar gida da farar ƙasa a fuska da almuru, musamman in an ɗauke wuta. Yara za su watse, akuya ta tsinke igiya, maigida ya shigo daga masallaci ya ja da baya yana a'uziyya. In surukarki ta leƙo ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi as same ki ga huska?" ki durƙusa ki ce, "Lahiya lau Inna, kwaɓi na," ko da zai tsage. Wani kwaɓin ana sakewa.

Kyasbi da makero kuwa ba aikin ƙwarya ba ne. Ƙwayar cuta ce ke kawo su, maganinsu na wurin ma'aikacin lafiya, haka ma ƙurajen da ke yin ruwa ko suka ƙi jin komai bayan wata biyu.

In kuma kika lura haɗin zumarki na raguwa alhali ba ke kika shafa ba, kada ki daki yaro tukuna. Ki dubi goshin maigida. Mutumin da ya wuni a kan babur tsakanin Kaura da Zurmi cikin ƙurar hunturu, fatarsa ta fi taki shan wuya. Ki kwaɓa masa nasa a ƙaramin kofi, ki rage kurkur saboda gemu, ki ajiye masa a inda abokansa ba za su gani ba.